ArmaPET Struct GR100 a injin matsi mai zafi: abin da kumfar ke iyawa da inda take gazawa

Masu ƙera bodin mota, da masu haɗa ƙofofi da bangon raba ofis, da masu gina ƙananan jiragen ruwa, bukatarsu ɗaya ce: allo mai tauri wanda ba shi da nauyi, kuma ruwa ba ya ruɓar da shi. Fale-falen katakon da kafintoci ke kira filawud yana da tauri, amma yana da nauyi, kuma da zarar ruwa ya samu bakinsa sai ya kumbura ya fara rabuwa. Hanyar da masana'antu suka daɗe suna bi ita ce a ɗauko fata biyu sirara masu ƙarfi, a sa kumfar roba mai tauri a tsakaninsu, a manne su su zama abu guda. Fatun ne ke ɗaukar ja da danniya idan allon ya so lanƙwashewa. Aikin kumfar shi ne ta riƙe tazarar da ke tsakaninsu, ta kuma hana ta sama zamewa a kan ta ƙasa. Kumfar da ake dubawa a nan ita ce ArmaPET Struct GR100 ta kamfanin Armacell, kuma ana duba ta ne a aiki guda: manna mata fatar zaren gilas da roba ta hanyar matsi da zafi, ba tare da zuba rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, ba.

Duk mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya san kayan Armacell ko da bai riƙe sunan ba, domin su ne masu Armaflex, baƙar robar nan mai laushi da ake zura wa bututun tagulla. Hedikwatarsu tana Luksambag, babbar masana'antarsu ta kumfar PET, wato nau'in robar da ake yin GR100 da ita, kuma tana Thimister-Clermont a Beljiyam. Da farko ana sayar da kumfar da sunan ArmaFORM kafin a sauya zuwa ArmaPET. Asalinta gorunan ruwa da na lemo ne da aka tsince, aka wanke, aka niƙa, aka narkar, sannan aka hura musu iska suka tashi. Babbar kasuwarta ita ce fikafikan injinan samar da lantarki daga iska. Lambar 100 da ke jikin sunan tana nufin mita kubik ɗaya na da nauyin kilo 100. Akwai masu sauƙi kamar 70 da 80, akwai masu nauyi har 250 da 320.

Idan aka kwantar da allon kumfar aka duba fuskarsa, za a ga layuka miƙaƙƙu a jere. Ba tsagewa ba ce. Kumfar tana fitowa daga inji a matsayin dogayen falankai, a narkar da fuskokinsu a manne su su zama ƙaton dunƙule, sannan a yanka dunƙulen a kwance. Ana yin haka ne don ɓangaren da kumfar ta fi ƙarfi ya tsaya daga fata zuwa fata. Layukan nan sun fi sauran jikin tauri, kuma za su sake tasowa idan an zo maganar kyan fuska.

Kumfa mai wannan nauyi tana jure danniyar kimanin MPa 1.5 a sanyi, wato kusan kilo 15 a kan kowace santimita murabba'i. Juriyarta ga zamewa kuwa ba ta wuce kimanin MPa 0.75 ba. A nan ne raunin PET yake, kuma gara a faɗe shi tun farko: kumfar wata roba mai suna PVC, irin Divinycell H100, mai nauyi ɗaya da ita, tana kai wa MPa 1.6 a zamewa da MPa 2 a danniya. Kilo da kilo, PVC ta fi ta. To me zai sa a zaɓi PET? Zafi ne. PET ba ta narkewa sai wajen digiri 250, kuma ana iya aiki da kumfarta a digiri 150 na tsawon lokaci, har 180 na ɗan gajeren lokaci. Kumfar PVC ta yau da kullum tana fara sakin jiki tun kafin digiri 100, tana kuma fitar da iska da ke tayar da fata. Wanda zai yi aiki da rezin a sanyi yana da zaɓi da yawa. Wanda zai sa kaya tsakanin faranti biyu masu zafi, PET ce ta fi ba shi sarari a cikin kumfofin da ƙaramar masana'anta za ta iya saye.

Lissafin nauyi shi ne abin da ke jawo mutane. A ɗauki kumfa mai kaurin milimita 20: kilo 2 ke nan a mita murabba'i. Fatar zaren gilas da robar PP (polipuropilin) mai kashi 60 cikin ɗari na gilas, kaurin milimita 1, tana da kimanin kilo 1.5, biyu kilo 3. Da ledar gam, jimla ta kama kilo 5.2. Cikakken allo mai faɗin mita 1.22 da tsawon 2.44 zai zo wajen kilo 15 da rabi. Filawud na milimita 18 mai girman nan yana haura kilo 30. Ta fuskar tauri, allon milimita 22 ɗin yana ɗan ƙasa da filawud mai kyau, amma idan aka ƙara kaurin kumfar zuwa 25 sai ya wuce shi, alhali nauyin da aka ƙara rabin kilo ne kacal a mita murabba'i. Dalili kuwa taurin yana bin tazarar fatun ne sau kanta: ninka tazara biyu, tauri ya ninku kusan huɗu. Saboda haka duk wanda allonsa ke lanƙwashewa, ya fara tunanin ƙara kaurin kumfa kafin ya ƙara kaurin fata.

Zaɓen fata shi ne shawarar da ke yanke sauran. PP da PET ba sa haɗuwa. Ko an narkar da PP a digiri 200 an danna ta a fuskar kumfar, abin da zai faru shi ne ta kwarara cikin ramukan da wuƙa ta buɗe ta maƙale, amma babu haɗin jiki. Allon zai fito kamar ya yi kyau, sai bayan 'yan watanni na jijjiga a bayan mota fatar ta fara ɗayewa daga kusurwa. Don haka fatar PP tana bukatar mai shiga tsakani. Ko dai a sayo wadda aka riga aka manna wa siririn yadin poliyesta marar saƙa a gefe ɗaya, ko a sa ledar gam mai narkewa da zafi wadda aka yi musamman don haɗa PP da poliyesta, wato dangin PET, mai nauyin giram 50 zuwa 100 a mita murabba'i. Fatar zaren gilas da robar PETG kuwa dangi ɗaya ce da kumfar, tana kama ta kai tsaye ba gam. Amma PETG tana fara laushi wajen digiri 80, kuma rufin mota mai duhun fenti da ya wuni a ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana iya kusantar wannan. A ganinmu, duk abin da zai zauna a rana a ƙasashe masu zafi, a ba shi fatar PP da farar fuska. PETG a bar ta ga kayan ciki, kabad da benci da bangon raba ɗaki, ko kuma a tabbata fuskarta fara ce. Ita kanta kumfar tana rage tauri daga digiri 70 zuwa sama, sai dai zafin rana ba ya shiga cikinta da nisa.

Hanyoyin matsi biyu ne. Ta farko, wadda ta fi dacewa da mai farawa, ita ce a bar fatar ba ta narke ba, gam kaɗai ya narke. Ana sa faranti a digiri 130 zuwa 150, ƙasa da digiri 165 da PP ke narkewa, a riƙe minti ɗaya zuwa biyu idan fatar milimita 1 ce. A wannan zafin GR100 tana tsayawa da ƙafarta, kuma kuskuren sakan ashirin ba ya lalata allo. Ta biyu ita ce a narkar da robar fatar kanta, abin da ake yi da PETG, inda faranti ke haura digiri 200. A nan an wuce iyakar da kumfar ke jurewa, don haka dabarar ita ce a gama manne kafin zafi ya nutsa. Kamar mai guga ne da yadin roba: zafin dutsen bai kai tsawon lokacin da ya zauna a wuri ɗaya muhimmanci ba.

Ana iya kimanta wannan nutsawa. Kumfar ba ta wuce da zafi da sauri, amma kuma ba ta da nama mai yawa da zai shanye shi. A cikin sakan 30 zafi yana shiga kusan milimita 3 daga kowane gefe, a minti ɗaya kusan 4, a minti huɗu kusan 8. A kumfar milimita 20, minti ɗaya ya bar fiye da rabin tsakiyarta da sanyi da ƙarfi, ita ce ke tokare farantan. A kumfar milimita 8, minti ɗayan nan ya ratsa ta gaba ɗaya. Shi ya sa siraran alluna suka fi wahalar yi, ko da yake mutane kan ɗauka su ne masu sauƙi. Inda kumfar ba ta kai milimita 10 ba, ya fi kyau a dumama fatun daban a tanda ko ƙarƙashin fitilun zafi, a ɗauko su da sauri a ɗora wa kumfa mai sanyi, a rufe a injin da ba shi da zafi. Ɗaukowar nan kada ta wuce sakan goma, domin fatar milimita ɗaya tana hucewa a iska nan take, kuma idan fuskarta ta daskare kafin ta taɓa kumfar babu matsin da zai manne su.

Lambobin nan na farawa ne. Zafin da ke kan agogon inji na faranti ne, ba na mahaɗar fata da kumfa ba, kuma na mahaɗar ne ke yin aiki. A allon gwaji na farko a cusa siririyar wayar auna zafi tsakanin fata da kumfa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a rubuta sakan nawa aka ɗauka kafin gam ya kai zafin narkewarsa, sannan a ƙara sakan 15 zuwa 20 don ya kwanta. Wannan gwaji guda ya fi mako guda na canki-canka.

Matsi shi ne inda aka fi asarar kumfa, kuma ba laifin kumfar ba ne. Abin da ake bukata kaɗan ne, MPa 0.1 zuwa 0.2. A kan cikakken allo mai kusan mita murabba'i 3, MPa 0.2 yana daidai da tan 60. Injinan manna fuskar katako da ake samu a manyan wuraren kafinta sukan kai tan 100 ko 120. Idan aka bar injin tan 120 a cikakken ƙarfinsa aka sa ɗan gwaji mai santimita 50 da 50, nauyin da ke kan ɗan allon ya kai MPa 4.7, wato ninki uku na abin da kumfar ke jurewa ko a sanyi. Za ta fito a murƙushe, mai injin kuma ya ce kayan ba su da kyau. Gejin inji yana nuna matsin mai ne a cikin silinda. Sai an ninka shi da faɗin fistocin duka, a raba da faɗin allon da ke ciki, sannan a san abin da allon ke ji. Injin da ke da silinda shida masu faɗin milimita 100 yana da jimlar santimita murabba'i 471, don haka tan 60 na bukatar geji ya nuna kusan kilo 127 a santimita murabba'i. Idan an sa rabin allo, a raba wannan biyu.

Ko an daidaita geji, kada a yi aiki ba tare da sandunan tsayawa ba. Waɗannan sandunan ƙarfe ne ko alminiyam da aka goge daidai kaurin allon da ake so, a jera su gefe da gefe a kan faranti, ta yadda injin ba zai iya rufewa fiye da haka ba. Idan ana son allon milimita 22 da fatu biyu na milimita ɗaya-ɗaya, a sa kumfar da ta kai 20.5 zuwa 21, sanduna kuma 22. Rarar nan ita ce ke lotsawa a fuska idan zafi ya taɓa ta, kuma lotsawar ce ke tura gam cikin ramukan. Idan kumfar ta zo daidai 20, farantan za su zauna a kan sanduna kafin su danna komai, sai a samu wurare da fata ba ta kama ba. Idan ta wuce 22, ɓawon da ya lotse zai yi kauri, allon ya yi nauyi a fuska, kuma a ƙarƙashin ɓawon a samu layin raunanan ƙwayoyi da nan ne zai tsage. Saboda haka kafin a fara a auna kowane allon kumfa a kusurwa huɗu da tsakiya. Kumfar tana zuwa da 'yar tazarar kauri ta yanka, kamar kowace kumfa, kuma rabin milimita a wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne.

Sanyayawa rabin aikin ce. Gam mai narkewa da zafi ba ya riƙe komai sai ya daskare, kumfar da aka danna kuma tana son komawa. Idan aka buɗe inji allon na da zafi, fatar za ta ɗago a hankali ba tare da an gani ba. Dole ya huce a ƙarƙashin matsi har ya sauko ƙasa da digiri 60. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ce inji ɗaya zai yi zafi ya yi sanyi a kowane allo. Farantan ƙarfe biyu masu faɗin mita 1.3 da 2.5 da kaurin milimita 40 sun kai kusan tan biyu, kuma ɗaga su daga digiri 30 zuwa 150 yana cin kilowat-awa 30 da 'yan kai. Mai aiki da janareta ya san abin da wannan ke nufi a dizal, ban da awannin jira. Gara a samu inji na biyu marar zafi, ko da na hannu ne mai jak, a ajiye shi daf da na farko. Ana shirya allon tsakanin zanen alminiyam biyu masu kaurin milimita 2 zuwa 3, da shimfiɗar Teflon mai hana mannewa tsakanin alminiyam da fata, a tura su tare cikin mai zafi, a zaro su tare a tura cikin mai sanyi, a riƙe minti uku zuwa biyar. Manyan masana'antu suna yin wannan a inji mai bel biyu, inda allon ke wucewa daga sashen zafi zuwa na sanyi ba tsayawa, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Zanen alminiyam ɗin yana magance wata matsalar kuma, wato karkacewa. Fatar ƙasa ce ke fara taɓa faranti yayin da ake saita kaya, don haka tana rigan ta sama yin zafi, kuma duk gefen da ya fi zafi ya fi tsukewa idan ya huce, sai allon ya lanƙwasa ta wajensa. Alminiyam yana jinkirta wannan 'yan sakanni. Haka kuma bambancin digiri biyar zuwa goma tsakanin farantin sama da na ƙasa ya isa ya karkata allo mai tsawon mita 2.4. Wani sanadin shi ne jerin zare. Fatun nan galibi shimfiɗa biyu ne ko huɗu, wata zarenta a tsaye wata a kwance. Dole fatar ƙasa ta zama madubin ta sama: idan shimfiɗar waje a sama zarenta na bin tsawon allo, ta waje a ƙasa ma haka. Idan aka kifa ɗaya bisa kuskure, babu zafi ko matsi da zai miƙar da allon. PP kuma tana ci gaba da ɗan tsukewa kwana ɗaya zuwa biyu bayan fitowa, don haka a jera sababbin alluna a kwance a kan shimfiɗa madaidaiciya da nauyi a sama, kada a jingine su a bango.

Bororo a ƙarƙashin fata kusan kullum daga danshi yake. Cikin kumfar rufaffun ƙwayoyi ne, ba ta shan ruwa yadda katako ke sha, amma ramukan fuskarta a buɗe suke, kuma PET da PETG suna jan laima daga iska. Ruwa kaɗan a digiri 140 tururi ne, kuma ba shi da mafita. Da damina a busar da kumfa da fatar PETG a ɗaki mai zafin digiri 60 na awa huɗu zuwa shida kafin aiki. Da hunturu matsalar ƙura ce: robar na ɗaukar caji tana janyo ta, kuma gam da ya kwanta a kan ƙura ƙurar ya kama. A zuƙe fuskar da injin shara, kada a hura ta da iskar kwamfuresa mai ɗauke da mai da ruwa, kuma a bar kayan cikin ledarsu sai lokacin sawa.

Wajen oda akwai abin lura. Ana sayar da kumfar da fuskoki iri-iri: miƙaƙƙiya, mai tsage-tsage, mai huda, da wadda aka yayyanka aka manna wa raga don ta bi lanƙwasa. Masu tsage da yanka an yi su ne don rezin ya bi ta ciki. A matsi mai zafi fatar da ta yi laushi tana faɗawa cikin tsagen, zanensu ya fito a fuskar allo. A nemi miƙaƙƙiya. Akwai kuma kumfofin PET da ake toshe ramukan fuskarsu don rage shan rezin. Alheri ne ga masu rezin, amma a wannan aiki ramukan ne mariƙa, don haka kada a sayi da yawa sai an gwada. Layukan mannewar da aka ambata su ma suna iya bayyana idan fata ba ta kai rabin milimita ba, domin ba sa lotsawa daidai da sauran jiki. Wannan bai taɓa ƙarfi ba, amma a ƙofa mai sheƙi ido yana ganinsa. Maganinsa fata mai kauri, ko rage rarar kumfa, ko fuska marar sheƙi.

Gwajin manne ba ya bukatar ɗakin bincike a matakin farko. A yanko tsiri mai faɗin santimita 5, a ɗaga bakin fata da wuƙa, a kama da filaya a ja. Idan fatar ta taso da kumfa manne a jikinta ko'ina, mannen ya fi kumfar ƙarfi, kuma abin da ake nema ke nan. Idan ta taso tas da gam a jikinta, zafi bai kai mahaɗa ba ko matsi bai isa ba. Idan gam ya zauna a kumfa fatar ta fito tsirara, gam ɗin bai dace da robar fatar ba, kuma ƙara zafi ba zai gyara ba. A yanko tsirin daga tsakiya da kuma kusurwa, domin gefen faranti ya fi sanyi. Ƙwanƙwasa allo da kwabo yana nuna wurin da bai kama ba, sautinsa yakan mutu. Wanda zai sayar wa kamfani kuwa za a tambaye shi sakamakon ASTM C393 na lanƙwasa, da C297 na ja, da D1781 na ɗaye fata.

Allon da ya fito da kyau ma yana da halayen da dole mai amfani ya sani. Kumfar kilo 100 ba ta riƙe sukuru. Za a ɗaure ya yi kamar ya kama, jijjiga ta kwance shi. Duk inda za a sa hinji ko makulli ko ƙugiya, a yanke kumfar wurin tun kafin matsi a cusa guntun mai nauyin 250 ko 320 daidai kauri. Amfanin yin haka da PET maimakon katako shi ne zafi da gam suna yi musu aiki iri ɗaya, kuma ba abin da zai ruɓe. Ƙananan kaya ribit mai buɗe fiffike a bayan fata ya ishe su. Nauyin da ya taru a wuri ɗaya, kamar tayar amalanken kaya ko ƙafar injin, yana lotsa GR100 ƙarƙashin fatar milimita ɗaya, don haka daɓen mota yana son kumfa mai nauyin 135 ko 150 da fatar sama ta milimita 2. Bakin allo a rufe shi da alminiyam mai siffar kwalbati. Fatar PP ba ta karɓar fenti ko gam na yau da kullum sai an bi ta da harshen wuta da sauri ko an shafa mata share fage na musamman. Yanka da zarto mai haƙoran kabaid yana tafiya lafiya, amma ƙurar gilas tana sa ƙaiƙayi kuma ba a shaƙarta, a sa takunkumi da tabarau.

Akwai wuri guda da ba mu ba da shawarar a sa ta: bangon motar kifi ko ɗakin sanyi. Yadda take wuce da zafi, a ma'aunin W/mK, yana wajen 0.034, kumfar poliyuretan kuwa wajen 0.023, wato sai an ba PET kauri ninki ɗaya da rabi kafin ta tare zafi daidai da ita, ga shi ta fi nauyi da tsada. A daɓen irin wannan mota, inda ake bukatar ɗaukar nauyi tare da tare zafi, nan ta dace. Game da wuta, GR100 roba ce, tana ci kuma tana ɗiga. Hayaƙinta ba ya ɗauke da iskar asid mai kulorin da PVC ke fitarwa, amma abin da zai shiga motar fasinja ko jirgin ƙasa yana bukatar nau'in FR, mai jinkirta kamun wuta, da aka yi don cika sharuɗɗa irin EN 45545.

Ga mai shigo da ita daga waje, kuɗin dako ne zai ba shi mamaki, domin wuri yake biya ba nauyi ba. Allon milimita 20 bai wuce kilo 6 ba, kuma kwantena mai ƙafa 40 da aka cika maƙil ba ta ɗauki tan 7 ba. Wannan ya sa kuskuren kauri ko na fuska yake da tsada ƙwarai, don babu mayarwa cikin sauƙi. Kafin babbar oda a nemi alluna kaɗan masu kauri biyu, 20.5 da 21 misali, tare da takardar bayanan kaya ta wannan nau'in, a kuma nemi mai sayar da fata ya rubuta sunan gam ɗin da ya dace da fatarsa da zafin narkewarsa. Ragowar yanka na allon PETG da PET ana iya niƙa su tare a sake narkarwa tunda dangi ɗaya ne, amma na PP da PET sai an ɗaye fatar an ware kafin masu niƙan roba su karɓa.